Dusar Ƙanƙara a Shafin Kalanda

Tun kafin zuwan injin ɗab'i, masu zane a Turai ke ƙawata kalanda da ayyukan kowane wata: huɗa, girbi, farauta. A shafukan hunturu kuwa yawanci mutum ake zanawa zaune yana jin ɗumi, ba a cika nuna abin da ke waje ba.

Sauyi ya zo a farkon ƙarni na 15, cikin littafin addu'o'in da 'yan'uwa uku na gidan Limbourg suka ƙawata wa Jean, basaraken Berry a Faransa, kafin rasuwarsu a 1416. Shafin Fabrairu na littafin yana cikin zane-zanen Turai na farko da suka nuna ƙauye lulluɓe da dusar ƙanƙara. Ga manoma sun ɗage tufafi a bakin wuta, tumaki sun cure a garke, amya ta yi fari fat, wani yana sarar itace, wani kuma yana kora jaki da kaya zuwa gari. Littafin yana ajiye a Chantilly. A 1565 Pieter Bruegel ya bi sahu da jerin zanen lokutan shekara, ciki har da na mafarautan da ke komawa gida a gajiye da karnukansu.

Ita kanta ƙwayar dusar, mai kusurwa shida, daga masana ta fito. Johannes Kepler ya yi rubutu a kan siffarta a 1611. Amma wanda ya kai ta idon jama'a manomi ne daga Jericho a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley. A Janairun 1885 ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma ya fara ɗaukar hotonta. A cikin sanyi yake aikin, yana tarar ƙwayoyin a kan baƙin allo, yana gyara su da gashin tsuntsu kafin su narke. Ya tara hotuna sama da 5,000, aka buga fiye da 2,000 a littafin Snow Crystals a 1931, shekarar da ya rasu.

Daga waɗannan tushe biyu masu buga kalanda ke ɗiba har yau: hoton farin ƙauye a saman shafin Disamba ko Janairu, da ƙwayoyi masu kusurwa shida a gefen ranaku.