Fuliyo: Ganyen da Ya Shiga Tukunya Ya Kuma Shiga Tarihin Mata

Duk mai shan shayi ya san na'a-na'a. To amma na'a-na'a dangi ne babba, kuma a cikin dangin akwai wata 'yar ƙarama mai yaɗo a ƙasa mai laima, ƙamshinta ya fi na sauran kaifi. Mutanen Maroko da Aljeriya na kiranta fuliyo, da wannan sunan zan kira ta. Masana tsirrai kuwa sun ce mata Mentha pulegium, daga kalmar Latin mai nufin ƙuma, domin Rumawa na ƙona ta ko su baza ta a ɗaki su kori ƙuma.

Asalinta ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, kuma ta daɗe a tukunyarsu. Girkawa na da wani abin sha na sha'ir da ruwa da suke sa mata, har marubucin wasan kwaikwayo Aristofanis ya ambace shi a wasansa na shekara ta 421 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafin girke-girken Rumawa da ake jingina wa Afisiyus ya kawo ta a miya iri-iri. Har yau ba ta bar kicin ba: a Aljeriya ana dafa ta da dankalin Turawa, a Maroko ana tafasa ta da madara don mura, a yankin Alentejo na Fotugal ana daka ta da tafarnuwa a yi romon burodi.

Sai dai tun farko tana da wani aiki na biyu, wanda ba a cika faɗarsa da ƙarfi ba. Likitan nan Diyoskoridis, wanda ya rubuta littafin magunguna a ƙarni na 1, ya ce tana sauko da jinin al'ada, tana kuma fitar da abin da ke cikin mahaifa. Likitocin Musulmi sun gaji wannan bayani ƙarƙashin sunan fudanaj, irin su Ibn Baiɗar ɗan Malaga da ya rasu a Dimashƙ a 1248. Daga littafi zuwa littafi, daga bakin tsohuwa zuwa kunnen yarinya, labarin ya tafi cewa ga abin da mace za ta sha idan ta shiga uku.

A nan ne nake ganin mutane ke yin kuskure wajen karanta tarihin. Sukan ce ai shekara dubu biyu ana amfani da ita, ta yaya za a ce guba ce? Abin da kakannin suka ci ganye ne, ɗan kaɗan a miya. Abin da aka zo ana sayarwa a kwalba daga baya mai ne da aka tatso ta hanyar tururi, kuma sai an tara ganye tuli kafin a samu cokali guda. Mafi yawan man nan wani sinadari ne mai suna fulegon. Idan ya isa hanta sai ta juya shi zuwa wani abu da ke cinye garkuwarta, ya kashe ƙwayoyinta, kusan yadda farasitamol ke yi wa wanda ya sha ya wuce kima. Shi ya sa maganin da likitoci ke ba mai gubar farasitamol shi ne suke gwadawa a nan.

Rahotannin likitoci ba su ɓoye komai ba. A 1897 mujallar Lancet ta ba da labarin wata mai shekara 23 a Ingila da ta mutu bayan ta sha babban cokali ɗaya. A 1978 wata mai shekara 18 a birnin Denba na Amurka ta sha kimanin mililita 30 na man don ta zubar da ciki, hantarta ta lalace, ta rasu cikin 'yan kwanaki. Abin takaicin shi ne man ba ya ma yin aikin da ake nema yadda ake zato. Adadin da zai taɓa cikin ya riga ya isa ya kashe uwar. Waɗannan mata ba jahilci kaɗai ya kai su ba, tsoro ne da rashin wanda za su gaya wa, sai sunan ganyen da suka ji ana yabo ya ba su ƙarfin hali.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne rahoton 1996 daga Kalifoniya, don babu mai a ciki ko kaɗan. Jarirai biyu ne iyayensu suka riƙa ba su shayin ganyen da suka shuka a gida, suna ɗauka na'a-na'a ce ta yau da kullum, don ciwon ciki da ƙananan laulayi. Mu da muka san ɗauri da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa jariri mun san irin wannan niyya mai kyau. Ganyen fuliyo ne. Hantar jariri ba ta babba ba ce: mai wata shida ya rayu bayan hantarsa da ƙwaƙwalwarsa sun taɓu, mai mako takwas kuwa bai tashi ba.