Ledar da ake kawo wa Umma ranar Asabar

1/ Jiya a aji wani ya ce littattafan soyayya na Hausa shirme ne na 'yan mata marasa aikin yi. Na yi shiru don malam na tsaye, amma maganar ta biyo ni har Gyaɗi-Gyaɗi. Ku gyara zama, zaren nan zai ɗan yi tsawo.

2/ Ina aji biyu a sakandare Abbanmu ya rasu. Umma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Bayan sadakar bakwai 'yan gaisuwa suka watse, gida ya yi tsit. Mutum ɗaya ce ba ta ɗauke ƙafa ba, aminiyarta daga Tarauni. Duk Asabar sai ga ta a adaidaita da baƙar leda, ta ajiye littattafai, ta kwashe waɗanda aka gama.

3/ Umma ba ta barci a lokacin. In ta idar da nafila ta yi wa Abba addu'a, sai ta jawo littafi da 'yar fitila. Ranar da na fara jin dariyarta bayan rasuwar, wallahi a kan wata uwar miji ce ta cikin littafi. Sai da na shiga jami'a na bi diddigin inda littattafan nan suka fito.

4/ A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Shirin UPE na 1976 ya cika makarantu da yara, masu karanta boko suka yawaita. Sai tsarin SAP na 1986 ya zo, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya.

5/ Marubuta ba su jira kowa ba. Su haɗa kuɗinsu, su kai wa mai ƙaramar maɗaba'a, su raba labari kashi-kashi don a sayi na ɗaya a ƙagu da na biyu. Haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe gari a farkon shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira harkar Adabin Kasuwar Kano, ba da sigar yabo ba, Abdalla Uba Adamu ya tsaya mata, aka yi ta fafatawa a jaridu.

6/ Amma ni wadda ta fi tsaya min ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammad da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976. An cire ta daga makaranta an yi mata aure tana wajen shekara 13, auren ya mutu, daga baya ta koma karatu a ajin manya. Matar da ta ga wannan duka, in ta ɗauki biro, ba labarin fure da turare kaɗai za ta ba ka ba.

7/ A Alhaki Kuykuyo Ne, 1990, miji ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Ta kama sana'ar abinci, ta riƙe yaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan rufin asiri. Soyayyar tana nan, amma ƙashin bayan labarin shi ne yadda mace ke tashi bayan gida ya rushe mata.

8/ Ƙarshen dai har yau yana ba ni haushi: da mijin ya talauce, aka matsa wa Rabi ta koma. Umma ta ce haka ake yi ai, marubuciyar ba ta yi ƙarya ba. Aminiyarta ta ce ita da ko da tsiya-tsiya ba za ta koma ba. Sun kai magariba suna wannan musun, kuma ina jin ranar ce Umma ta fara maganar gobe ba jiya ba.

9/ A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona irin littattafan nan a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, wai suna ɓata tarbiyya. Eh, shirin da adaidaita ta samo sunanta daga gare shi. Akwai na banza a cikinsu, ban musa ba. Amma bayan shekara 5 aka fassara Alhaki zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga.

10/ Yanzu mu a waya muke karantawa, WhatsApp da Wattpad, wasu su saurara a YouTube. Umma kuwa da ta fita takaba suka shiga adashi da aminiyarta, da kwasar farko ta fara saro atamfa a Kantin Kwari. Littattafai uku sun maƙale a ƙasan akwatinta, ba a mayar ba. Ɗaya ma shafin ƙarshe ya yage. Na tambaye su yadda ya ƙare, kowacce ta ba ni nata daban.