Muhimman magunguna: Yadda kasafin gwamnati ke shafar farashinsu a Najeriya

Muhimman magunguna su ne waɗanda ke magance cututtukan da suka fi damun akasarin jama'a, waɗanda ya wajaba a same su a kowane lokaci, da inganci, kuma a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da jerinsu na farko a 1977 ɗauke da magunguna sama da 200, kuma tana sabunta shi duk bayan shekara biyu. A 2007 ta ƙara da wani jeri na musamman domin yara.

Hikimar jerin ita ce ƙasar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ba za ta iya sayen duk maganin da ke kasuwa ba. Saboda haka sai ta zaɓi 'yan kaɗan da aka tabbatar da amfaninsu, kamar na zazzaɓin cizon sauro, da ciwon haƙarƙari, da gudawa, da hawan jini, da ciwon suga, da na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta tattara ƙarfinta a kansu. Najeriya ta mayar da nata jerin doka a 1989, ta kuma fitar da manufar magunguna ta ƙasa a 1990. Ke nan tsari a rubuce ya daɗe da samuwa. Abin da ke hana talaka samun magani shi ne yawan kuɗin da gwamnati ke warewa, da nawa take saki daga ciki, da kuma hanyar da ake bi wajen sayen maganin.

Wa ke biyan kuɗin magani?

Alƙaluman WHO da Bankin Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, kuma magani na cikin abubuwan da suka fi cinye wannan kuɗi. A asibitocin gwamnati da dama ganin likita ba shi da tsada sosai, amma da zarar an rubuta magani sai a ce babu a asibiti, majinyaci ya nufi kemis.

Idan kuɗin bai kai ba, abin da ke biyo baya sananne ne. Wani ya sayi rabin maganin, wani ya daina sha da zarar ya ji sauƙi, wani kuma ya koma wurin masu talla a tasha da bakin kasuwa. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta rabi da rabi yana sa ƙwayoyin su daina jin magani. Mai hawan jini da ke tsallake kwanaki kuwa yana iya gamuwa da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, waɗanda jinyarsu ta ninka kuɗin ƙwayar da aka kasa saye sau da yawa.

Alƙawarin Abuja da kasafin kuɗi

A watan Afrilun 2001 shugabannin ƙasashen Afirka sun yi taro a Abuja, inda suka yi alƙawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu na shekara ga fannin lafiya. Gwamnatin Tarayyar Najeriya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan adadi ba. A mafi yawan shekaru rabon lafiya yana yawo ne tsakanin kashi 4 da kashi 6.

Kwatanta lafiya da sauran fannoni yana nuna inda aka sa gaba. A 2022 tallafin man fetur ya laƙume sama da naira tiriliyan 4, alhali kasafin lafiya na tarayya a shekarar bai kai tiriliyan ɗaya ba. A kasafin 2024 na kimanin naira tiriliyan 28.7, an ware fiye da tiriliyan 8 domin biyan bashi, lafiya kuma ta samu abin da bai kai tiriliyan 1.5 ba. Ko cikin wannan rabo, kaso mafi tsoka yana tafiya ne a albashi da gudanar da manyan asibitocin tarayya. Akwai kuma tazara tsakanin abin da aka rubuta a kasafi da abin da ake saki, musamman a ɓangaren manyan ayyuka.

Nauyin lafiya ba na tarayya ba ne ita kaɗai. Manyan asibitocin jihohi suna hannun gwamnoni, ƙananan asibitoci na unguwanni da ƙauyuka kuma, inda talaka ya fi zuwa, suna ƙarƙashin jihohi da ƙananan hukumomi.

Asusun juya kuɗin magani

A 1987 ministocin lafiya na Afirka, tare da WHO da UNICEF, sun amince da wani shiri a Bamako, babban birnin Mali. A ƙarƙashinsa ana ba asibiti jarin magani, ya sayar da 'yar ƙaramar riba, ya sake sarowa da kuɗin da ya tara. Najeriya ta rungumi tsarin, kuma a shekarun 1990 Asusun Rarar Man Fetur, PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, ya rarraba magunguna ga asibitoci domin ƙarfafa shi.

Jarin yakan karye ne idan aka karkatar da kuɗin ciniki zuwa wasu buƙatu, ko aka ba da magani kyauta ba tare da gwamnati ta mayar da kuɗinsa ba, ko kuma hauhawar farashi ta sa cinikin bai isa sake sari ba. Bugu da ƙari, tsarin yana tabbatar da samuwar magani ne kawai, bai ɗauke wa wanda ba shi da ko kwabo nauyin biya ba. Jihohi kamar Kano da Kaduna da Jigawa sun kafa hukumomin da ke sayen magani a dunƙule su rarraba wa asibitocinsu, domin rage farashi da toshe ƙofar jabu.

Dokokin 2014 da 2022

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya. Dokar ta kasa shi kamar haka: kashi 50 ga inshorar lafiya, kashi 20 ga muhimman magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, kashi 15 ga gine-gine da na'urori da sufuri, kashi 10 ga ma'aikata, kashi 5 kuma ga jinyar gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sanya masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55.

Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A watan Mayun 2022 aka sa hannu kan sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Har yanzu akasarin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da manoma suna wajen tsarin. Ghana, wadda ta kafa nata shirin a 2003, ta ɗora shi ne a kan wani haraji na kashi 2.5 cikin 100 da ake karɓa a kan kayayyaki, abin da ya ba shi hanyar samun kuɗi ta dindindin.

Dalar Amurka da farashin kemis

Kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake amfani da su a Najeriya daga waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da China. Kamfanonin cikin gida ma daga can suke sayo kusan duk sinadaran da suke haɗa magani da su. Shi ya sa da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, farashin magani ya bi sahu. Janyewar kamfanin GSK daga kasuwanci kai tsaye a ƙasar, wadda ya sanar a watan Agustan 2023, ta ƙara tsadar wasu magungunan asma da na kashe ƙwayoyin cuta.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya ɗage kuɗin fito da harajin VAT daga wasu injina da sinadaran haɗa magani na tsawon shekara biyu. Sai dai tsadar lantarki da man dizal da ruwan bashin banki suna nan a kan masana'antun.

Magungunan cuta mai karya garkuwar jiki da na tarin fuka da wasu na zazzaɓin cizon sauro kuwa, ana raba su kyauta ne galibi da tallafin ƙasashen waje. Da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta a farkon 2025, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin rage giɓin.

Hanyoyin sauƙaƙa farashi

Hanya ta farko da masana ke ambata ita ce sayen magani da sunan sinadarinsa maimakon sunan kamfani, domin aikinsu ɗaya ne muddin hukumar NAFDAC ta tantance shi. Tarihi ya nuna tasirin haka: a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin cuta mai karya garkuwar jiki a kan dala 350 a shekara ga mutum ɗaya, lokacin da ake sayar da shi sama da dala 10,000.

Ta biyu ita ce sari a dunƙule daga masana'anta kai tsaye, da biyan su a kan lokaci, domin duk dillalin da ya shiga tsakani sai ya ɗora ribarsa, wanda aka ja wa biya kuma yakan ƙara farashi a kwangila ta gaba. Ta uku ita ce gwamnati ta biya wa marasa galihu kuɗin inshora. Ta huɗu ita ce tsaftace hanyar rarrabawa, kamar yadda aka tashi 'yan sarin magani na Sabon Gari a Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024, ganin cewa magani mai araha da ba ya aiki asara ce biyu.

Mai son auna gwamnatin jiharsa a wannan fanni zai iya duba abubuwa uku: kason lafiya a kasafi, adadin da aka saki daga ciki kamar yadda rahoton aiwatar da kasafi ke nunawa, da kuma ko magungunan da ke cikin jerin ƙasa suna nan a asibitin unguwarsa ranar da ya je nema.