Yadda Al'umma Ke Kare Gaɓar Teku: Misalin Matan Tanbi a Ƙasar Gambiya

Gabatarwa

Kare muhalli ta hannun al'umma shi ne a danƙa wa mazauna wani yanki ikon tsara dokokin amfani da albarkatun da suke cin abinci da su, hukuma kuma ta mara musu baya. Dausayin Tanbi, wanda ke kusa da Banjul a bakin Kogin Gambiya, yana daga cikin wuraren da aka jarraba wannan tsari.

Yanayin Wurin

Faɗin Tanbi ya haura hekta 6,000, kuma akasarinsa dajin mangurob ne, wato itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Saiwoyinsu na riƙe ƙasa daga zaizaya, ƙananan kifaye na girma a tsakaninsu, kawa kuma na mannewa a jikinsu. An shigar da wurin cikin jerin dausayoyin Yarjejeniyar Ramsar a 2007.

Matsalar da Aka Fuskanta

Mata ne ke sana'ar cire kawa a yankin. A da, wasu kan sare saiwa ɗungurungum da adda domin su samu kawar. Sakamakon haka itatuwa suka riƙa mutuwa, kawa ta ragu, kuɗin shiga kuma ya ja baya.

Matakan da Aka Ɗauka

A 2007 Fatou Janha ta jagoranci kafa ƙungiyar TRY da mata kimanin 40, daga baya mambobinta suka haura 500 daga garuruwa 15. A 2012 gwamnatin Gambiya ta ba ƙungiyar keɓantaccen haƙƙin cire kawa a Tanbi. Dokokin da matan suka amince da su sun haɗa da:

1. Rufe sana'ar na wata takwas, daga Yuli zuwa Fabrairu.
2. Barin ƙananan kawa har su girma.
3. Hana sare saiwoyi, tare da dasa sababbin itatuwa.

A shekarar ce kuma ƙungiyar ta samu lambar yabo ta Equator daga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Darasi ga Jama'armu

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A Argungu, al'ada ta hana kamun kifi a Matan Fada sai lokacin biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Don haka ya kamata hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su lura cewa dokar da masunta suka zauna suka tsara da kansu ta fi saurin karɓuwa, matuƙar hukuma ta tabbatar musu da haƙƙinsu a rubuce.