Wisden da tsofaffin littattafan kurket: Abin da ya sa ake rububinsu

Tara tsofaffin littattafan wasan kurket al'ada ce da ta kafu a Ingila da Ostireliya da Indiya. Littafin da masu wannan sha'awa suka fi farauta shi ne Wisden, kundin shekara-shekara da ɗan wasan Ingila John Wisden ya fara bugawa a 1864. Bugun farko yana da shafuka 112, kuma sule ɗaya aka sayar da shi. Tun daga lokacin bai taɓa tsallake shekara ba, har a tsakiyar yaƙe-yaƙen duniya biyu.

Abubuwa uku ne ke yanke darajar kwafi: ƙarancinsa, lafiyar bango da shafukansa, da kuma tabbacin cewa na asali ne. Bugun 1875 na cikin waɗanda suka fi wuyar samu. Na 1916 kuwa ana nemansa ne saboda yana ɗauke da tarihin rayuwar W. G. Grace, wanda ya rasu a 1915, tare da na 'yan wasan da suka mutu a fagen daga. An sake buga tsofaffin kundayen daga baya da kamanninsu na farko, don haka mai saye yakan bincika sosai kafin ya biya. Bangon nan mai launin rawaya da aka san littafin da shi ya zama dindindin ne daga 1938.

Muhimmancin waɗannan littattafai ya wuce lissafin maki. Kurket ya bi sawun mulkin mallakar Birtaniya, kuma rubuce-rubucensa sun adana tarihin wariyar launin fata da gwagwarmayar da aka yi da ita. A 1897 yariman Indiya Ranjitsinhji, wanda ya buga wa Ingila wasa, ya fitar da The Jubilee Book of Cricket. A 1963 marubucin Trinidad C. L. R. James ya wallafa Beyond a Boundary, bayan ya jagoranci fafutukar da ta kai ga naɗa baƙar fata Frank Worrell kyaftin ɗin tawagar West Indies a 1960.

Shi ya sa masana tarihi ke bibiyar inda waɗannan littattafai suke ƙarewa. Kwafin da ya shiga ɗakin karatu, irin na filin Lord's da ke Landan, mai bincike zai iya kaiwa gare shi. Wanda attajiri ya saye ya kulle a gida kuwa, sai ranar da aka sake fito da shi kasuwa.