Majalisun Ƙauyukan Ingila: Yadda Lebura Ya Sami Bakin Magana

Kafin shekarar 1894, harkokin ƙauyukan Ingila suna hannun taron coci ne, inda limamin Kirista da manyan masu gonaki ke yanke yawancin shawara. Leburan gona kuwa sai dai ya ji abin da aka zartar.

A wannan shekara ce gwamnatin Gladstone ta kawo dokar ƙananan hukumomi. Dokar ta raba sha'anin mulki da na coci, ta kuma wajabta wa duk ƙauyen da mutanensa suka kai 300 ya zaɓi majalisa. Aka yi zaɓen farko a watan Disamba, har mata ma aka ba su damar tsayawa.

To, wane aiki majalisun suke yi? Gyaran hanyoyin ƙafa, kula da rijiya da maƙabarta da dandalin gari, da samo 'yan filayen da leburori za su yi haya su noma abinci. A wancan lokaci kuɗinsu ƙalilan ne, domin harajin da za su aza bai wuce kwabo uku a kan kowace fam ba, sai in taron jama'ar ƙauye ya yarda a kai shi sisi.

Mai karatu zai iya raina waɗannan ayyuka. Amma dokar ta hana a fara taron jama'ar ƙauye kafin ƙarfe shida na yamma, don wanda ya wuni a gonar wani ya samu halarta. Nan ne talaka ya fara tambayar inda kuɗinsa suka shiga. Lalle da yayyafi kogi kan cika.