Salula Ɗaya, Ƙofa a Ɓalle: Tarihin Dokar da ke Kare Kayan Aikin Ɗan Jarida a Amurka

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san rigimar salular da ta ɓace. Yaro ya ce tsintuwa ya yi, mai ita ya ce sata ce, wanda ya saya kuma ya ce shi kuɗinsa ya biya. Irin wannan rigima ce ta tashi a Amurka a shekarar 2010, sai dai mai sayen gidan jarida ne. Shi ya sa magana ta koma kan tsohuwar tambaya: yaushe ne ƴan sanda ke da hurumin kwashe kayan aikin ɗan jarida?

A watan Maris na 2010 wani ma'aikacin Apple ya manta da samfurin iPhone 4, wadda ba ta shiga kasuwa ba tukuna, a wata mashaya a jihar Kalifoniya. Wani saurayi ya ɗauke ta, aka sayar wa shafin labarai na Gizmodo a kan dala 5,000. Shafin ya wallafa hotunanta, sannan ya mayar wa Apple da kayansa. Daren 23 ga Afrilu ƴan sanda ɗauke da takardar izinin bincike daga alƙali suka ɓalle ƙofar gidan editan shafin, Jason Chen, suka tafi da kwamfutocinsa.

Kafin mu gane abin da ya sa aka yi ca a kan ƴan sandan, sai mun koma baya shekara 39, wajen wasu ɗalibai. Ranar 9 ga Afrilu 1971 an yi arangama tsakanin masu zanga-zanga da ƴan sanda a asibitin jami'ar Stanford, ƴan sanda 9 suka ji rauni. Jaridar ɗalibai, Stanford Daily, ta buga hotunan abin da ya faru. Ranar 12 ga wata ƴan sanda suka shiga ofishinta neman hotunan da za su nuna fuskokin waɗanda suka yi dukan. Babu wanda ya zargi ɗaliban da laifi, amma aka bincike musu tebura da kwandunan shara, ba a kuma samu komai ba bayan abin da aka riga aka buga.

Ɗaliban suka kai ƙara. Shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 31 ga Mayu 1978, alƙalai 5 da 3, cewa tsarin mulki bai hana binciken ofishin jarida ba muddin alƙali ya ba da izini. Ɗaliban sun faɗi a kotu, amma hukuncin ya tayar da ƙura har majalisa ta yi sabuwar doka, shugaba Jimmy Carter ya sa mata hannu a watan Oktoba na 1980.

Dokar ta hana jami'an gwamnati bincike ko ƙwace rubuce-rubuce, hotuna da bayanan da mutum ya tara don wallafawa ga jama'a. Idan suna buƙatarsu, sai su aika da sammaci. Sammaci yana ba mutum lokacin neman lauya da zuwa gaban alƙali ya ƙalubalanci buƙatar. Bincike kuwa ba ya sallama, kuma wanda ya shigo neman hoto ɗaya zai karanta duk abin da idonsa ya faɗa a kai, har da sunan ma'aikaciyar asibiti ko malamin makarantar da ya tona wata almundahana bisa alƙawarin ba za a faɗi sunansa ba. Waɗannan mutane ne dokar ke rufa wa asiri. Ita ma Kalifoniya ta yi tata dokar mai hana alƙali ba da izinin bincike kan bayanan ɗan jarida da bai wallafa ba.

Sai dai dokar 1980 ta bar ƙofa: ana iya bincike idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargin cewa shi kansa ɗan jaridar ne ya aikata laifin, ko idan ran wani na cikin haɗari. Da yake majalisa ta san za a iya fakewa da wannan, sai ta ƙara cewa idan laifin bai wuce karɓa, riƙewa ko yaɗa bayanan ba, ba a yarda da bincike ba, in ba a kan abubuwa kaɗan irin sirrin tsaron ƙasa ba.

A nan shari'ar Gizmodo ta sarƙe. Masu gabatar da ƙara suka ce sata suke bincike, don a dokar Kalifoniya wanda ya yi tsintuwa, yana da hanyar sanin mai ita, ya riƙe ba tare da ƙoƙarin mayarwa ba, ɓarawo ne. Salula kuma dukiya ce, an ma biya kuɗi a kanta. Lauyoyin shafin suka ce ko da hakan ne, kwamfutocin edita cike suke da bayanan da doka ta kare. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kotu ba ta kai ga raba gardamar ba: a watan Yuli na 2010 aka janye takardar binciken, aka mayar wa Chen kayansa. A 2011 aka ce ba za a tuhumi kowa a Gizmodo ba, aka gurfanar da samari biyu da suka yi cinikin wayar.

Abin bai tsaya nan ba. A 2019 ƴan sandan San Faransisko sun je gidan ɗan jarida Bryan Carmody da guduma kan wani rahoton ƴan sanda da suka ce na sata ne; alƙalai suka soke takardun binciken, birnin ya biya shi dala 369,000. Ranar 11 ga Agusta 2023 aka kai samame ofishin ƙaramar jaridar Marion County Record a jihar Kansas da gidan masu ita, bisa zargin satar bayanan wata mata. Washegari Joan Meyer, ɗaya daga cikin masu jaridar, mai shekara 98, ta rasu. Kwana 5 bayan samamen mai gabatar da ƙara ya janye takardar don babu isasshiyar hujja.

A duka ukun kalmar "sata" ce ta buɗe ƙofa, kuma a duka ukun hukuma ce ta ja da baya, amma bayan an riga an ɗebi kayan. Idan muka zo darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, ya kamata yaranmu su ji ɓangarorin biyu: ɗan jaridar da ya yi sata zai amsa laifinsa kamar kowa, jami'in da ke zarginsa kuma sai ya bi ta hanyar da doka ta shata. Mu kuma faɗa musu cewa waɗanda suka fara wannan gwagwarmaya ɗalibai ne, sun yi shekara 7 a kotu suka faɗi, amma dokar da ta biyo baya tana aiki har yau.